A Rage Ƙarar Nan, Akwai Jariri a Ɗaki

Wata Asabar na je duba ƙanwata bayan ta dawo daga wankan jego. Tun daga zaure nake jin dukan kiɗa a ƙirjina. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai da wata yarinyar maƙwabta ta leƙa ta taɓa ta. Da na shiga falo na tarar da kayan sautin nan da muka haɗa kuɗi muka saya mata cikin kayan ɗaki, sifiku dogaye huɗu da wufa mai fitar da dundum a ƙasa, suna aiki bil haƙƙi. Jaririn kuwa yana kwance a 'yar katifarsa, tsakaninsa da wufar bai kai taku biyu ba.

Na ce, "Ke kuwa ba kya tausayin kunnen yaron nan?"

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ya saba. In aka kashe ma farkawa yake yi."

Wannan kalma ta "ya saba" ita ta sa ni wannan rubutu, domin ba daga bakinta na fara jin ta ba. Mai injin markaɗe ya faɗe ta, mai walda ya faɗe ta, ɗan kamasho a tasha ma haka. Ƙwaƙwalwa takan saba da ƙara har ta daina kula da ita, wannan gaskiya ne. Amma kunne ba tafin hannun manomi ba ne da zai yi kanta ya ƙara ƙwari. In mutum ya ce ƙarar da ke damunsa a da yanzu ta daina, sau da yawa abin da ya faru shi ne jinsa ya fara raguwa.

Yawancinmu in an ce kunne ya lalace, dodon kunne muke tunawa, mu ɗauka ai tunda bai fashe ba lafiya lau. Ɓarnar ƙara ba a dodon kunne take ba. Can ciki, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, girmansa bai wuce na ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta wajen 15,000 zuwa 16,000 masu ɗan gashi-gashi a kai. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da gashin nan kamar yadda iskar hadari ke kwantar da gero. In sau ɗaya ne, geron yakan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa wanda ya dawo daga wajen biki yakan ji kunnensa ya yi dum, ko yana jin wani "shiii" da ba kowa ke ji ba, washegari kuma ya ji ya washe. In iskar ta yi ta maimaituwa, karan yakan karye. Kaza da kifi jikinsu yakan sake fitar da waɗannan ƙwayoyi in sun mutu. Ɗan Adam bai samu wannan ba. Adadin da aka haife ka da shi, shi ne jarinka har kabari.

Ko washewar nan ta washegari ma ba a cika amince mata ba yanzu. A 2009 wasu masana biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun gwada a kan ɓeraye, suka ga cewa bayan ƙara mai ƙarfi jin ɓeran yakan dawo daidai a ma'auni, alhali wani kaso na mahaɗar jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo ya riga ya tsinke. Wato kunne yakan yafe a fuska, ya riƙe a ciki.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa yana da yaudara. Hirar mutum biyu a natse wajen desibel 60 ce. Mutum zai ɗauka tsakanin 80 da 83 ba wani abu ba ne, alhali duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin da ke dukan kunne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. In ya kai 83, awa 20 ke nan. A 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi. In aka kai 98, abin bai kai minti 40 ba, kuma a mako, ba a yini ba. Yara kuwa an sauko musu da ma'aunin zuwa desibel 75. Abin takaicin shi ne kunnenmu ba ya jin wannan ninki yadda yake. Sai an ƙara wajen desibel 10 kafin mutum ya ji kamar sautin ya ninka sau biyu, a lokacin kuwa ƙarfin ya ninka sau goma. Ɗan danna rimot sau huɗu ko biyar da muke yi ba tare da tunani ba yana iya mayar da abin da kunne zai jure mako guda ya koma na yamma ɗaya.

To a nan ne nake ganin maganar ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka rubuta ma'aunin a Janeba. Awa 40 ɗin nan ba ta kiɗa kaɗai ba ce. Kunne littafin bashi ɗaya gare shi, komai a ciki yake rubutawa. Ka ɗauki magidanci a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Ya fito da safe ya hau Adaidaita Sahu, mai ita ya ɗaura sifika a bayan kujerar fasinja. Ya sauka a kasuwa inda kowane shago da janaretonsa, mai maganin gargajiya da amsa-kuwwarsa, mai tura waƙoƙi a memori da tasa. Matarsa ta tsaya layin markaɗe rabin awa da goyo a baya. Kafin magariba yawancinmu mun cinye kason yini, wasu har sun ci na gobe. Babu ɗaya cikin waɗannan da muke da iko a kai. Ba za ka ce wa mai injin nika ya rage ba. Gida ne kaɗai wurin da maɓallin ke hannunmu, kuma shi ne wurin da ya kamata kunne ya huta ya farfaɗo. Sai mu dawo mu ƙure wufa.

Ban ce duk mai kallon talabijin kurumcewa zai yi ba. Labaran ƙarfe tara da sauti daidai misali ba su taɓa kunnen kowa ba, haka rediyon da tsoho ke ajiyewa gefen tabarma yana sauraron sashen Hausa na BBC. Abin da nake magana a kai shi ne kayan sauti na zamani a ƙaramin ɗaki, a ƙure, awa bayan awa. Ɗakunanmu na yanzu ma suna taya su. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yakan shanye sauti. Falon siminti mai tayil a ƙasa, gilashi a taga, bango fes ba labule mai kauri, mayar da sautin yake yi ta kowace kusurwa. A fili, in ka ninka nisanka da sifika sautin yakan ragu da wajen desibel 6. A irin wannan falo ragin bai kai haka ba, amma duk da haka wanda ke gindin sifika ya fi kowa sha. Wa ke zama gindin sifika a gidajenmu? Manya suna kan kujera can baya. Yara ne ke baje a ƙasa gaban talabijin, kai dab da wufa.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Saurayin da ya toshe kunnensa da iyafis ya ƙure, kansa ya cuta, kuma wayar ma takan gargaɗe shi. Gargaɗin nan da ke fitowa in ka wuce wani mataki, wanda muke danna "to" mu wuce, ya samo asali ne daga ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda ta sa a tsayar da irin waɗannan na'urori a desibel 85 sai mutum ya amince da kansa, kuma kada su wuce 100. Faransa ta riga kowa, tun 1996 ta kafa iyakar desibel 100 a doka. Kayan sautin falo ba su da irin wannan gargaɗi, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da rimot, sauran gida su biya. Jariri ba ya iya cewa a rage. Ba ya iya rarrafawa ya bar wurin. Amarya ba za ta ce wa ƙannen miji su rage ba, kunya ba za ta bar ta ba. 'Yar aiki ba ta da bakin magana. Yaron da ke koyon magana kuwa yana bukatar ya riƙa tsintar kalmomi daga bakin uwarsa sarai, ba ya riƙa ƙwato su daga ƙarƙashin kiɗa ba.

Na san abin da za a ce mini, domin mijin ƙanwar tawa ya faɗa mini da ya shigo. Ya ce, "Yaya, ka ji janareton maƙwabta kuwa? In ba a ƙara ba, ba a jin abin da ake cewa a fim." Bai yi ƙarya ba. Yawancin ƙure sautin da muke yi gasa ce da wata ƙarar: janareto, fanka mai kuka, babura a layi, sifikar gidan da ke kusa. Kowa yana ƙarawa don ya rinjayi na kusa da shi, unguwa duka ta ɗauka. Amma in ƙarar janareto ta cika ɗaki ka ɗora kiɗa a kanta, kunnenka duka biyun yake ɗauka. Maganin yana wajen janareton: a nisanta shi da taga, a rufe ƙofar da ke fuskantarsa, wanda dama wajibi ne saboda hayaƙinsa da ke kashe iyali guda cikin dare. Sai kuma a matso da kujera ko a juyo da sifikun su fuskanci masu kallo, maimakon a bar su suna yi wa bango magana.

Akwai laifin kayan su kansu. A kwali za ka ga an rubuta wat 3,000 ko 5,000 da manyan lambobi, a gefe an saka PMPO da ƙananan haruffa. Wannan lamba ta talla ce kawai. Juya bayan na'urar ka duba wutar da take ja, za ka ga tazarar. Mu kuma a kasuwa da ƙara muke gwada kaya. Mai shago zai ƙure har kwalaben shagon su yi rawa, mai saye ya gyaɗa kai ya ce wannan tana da ƙarfi. Ban taɓa ganin wanda ya ce a rage can ƙasa ya ji ko ana fahimtar magana ba, alhali nan ne ake gane sifika mai kyau. Sifika mai arha dundum ɗinta ya fi maganarta fita, sai mutum ya yi ta ƙarawa yana neman muryar ɗan wasa, abin da ke ƙaruwa kuwa dukan ƙirji ne. Rage dundum ɗin, a ɗan ɗaga siririn sauti, yakan sa a ji magana ba tare da an taɓa ƙarar gaba ɗaya ba. Masu haɗa finafinanmu da masu fassara na Indiya su ma da nasu kason: magana can ƙasa, waƙa ta shigo kamar aradu, talla ta fi waƙar. A Amurka sai da majalisa ta yi doka a 2010 ta hana tallar talabijin ta fi shirin da take ciki ƙara. Talabijin da yawa na yanzu suna da wurin daidaita wannan hawa da sauka a cikin saitinsu, amma wa ke shiga can?

Ga wata hujja da kowane mai wutar Nepa ya sani. Ana cikin kallo da dare aka ɗauke wuta, aka kwanta ba a kashe soket ba. Ƙarfe uku na dare aka dawo da ita, kayan sauti suka tashi a inda aka bar su, gida duka aka zabura, yara suka fashe da kuka. Shirun dare ya taimaka, na yarda. Amma lambar da ke kan na'urar ita ce dai ta jiya, wadda muka zauna a gabanta awa uku muna jin daidai ce. Kunnen da ya huta ne ya faɗi gaskiya. Na jiya ya gaji, shi ya sa muka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan ba mu sani ba.

Sai wata magana da nake taka-tsantsan da ita, amma ba zan tsallake ba. A gidaje da yawa abin da ake ƙurewa ba waƙa ba ce, karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi ko bege, kuma mai gidan yana ganin ƙara sautin ƙarin lada ne. Ƙwayoyin cikin kunne ba su san bambancin wa'azi da kiɗan biki ba, desibel suka sani. Addinin ma bai nemi haka ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya faɗa musu cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada wani ya cutar da wani, kada wani ya ɗaga murya a kan wani wajen karatu. Muryar baki ke nan, a masallaci. Ina ga wufa a gidan haya mai ɗaki takwas, inda bango ɗaya ya raba ka da mara lafiya ko mai jego ko ɗalibi mai jarrabawa gobe?

Dalilin da ya sa ba mu ɗauki abin da zafi ba, a ganina, shi ne irin wannan rashin ji ba ya zuwa da siffar da muka sani. Mun san kurumtar sanƙarau, wadda ke zuwa dare ɗaya. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa ba su manta ba. Mun san ta ƙyanda, da ta kunne mai zubar ruwa, da wadda wasu allurai irin su jentamaisin ke jawowa in an yi su barkatai. Ta ƙara kuwa ba jini, ba ciwo, ba zazzaɓi. Siririn sauti take fara ci, wajen da haruffa irin su s da sh da f da ts suke. Wasula da karin murya suna nan daram, don haka mutum yana jin ana magana, har ya san muryar wane ce, amma "sata" da "fata" sun zama ɗaya, "sara" da "tsara" sun haɗe. In ku biyu ne a ɗaki shiru, zai bi ka. In aka shiga taron suna ko majalisar ƙofar gida, ya ɓace.

Ina da kawu da ya yi shekaru yana sayar da kaset a kasuwa, zamanin da sifikar bakin shago ita ce allon talla. Daga safe zuwa magariba tana bisa kansa, in ya koma gida kuma ya kunna rikoda ya gwada sababbin kaset. Yau bai kai saba'in ba, ƙafarsa da idonsa garau. Amma ya daina zama majalisa. Da farko cewa yake yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Daga baya aka fara cewa ya cika faɗa, ya cika zargi, don in ya ga ana dariya bai ji dalili ba sai ya tsargu. Ya taɓa gaya mini cewa abin da ya fi damunsa ba rashin jin ba ne, kukan gyare ne da ke cikin kunnensa dare da rana, wanda ya fi tsananta in gari ya yi shiru. Ana cewa kunne ya girmi kaka, don ta kunne ake karɓar labarin da. Shi ga labarin a cikinsa fal, amma hira ta gagara, domin hira ba ta yiwuwa sai da jin amsa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya saka raunin ji a 2020 cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa waɗanda ake iya kauce musu, kuma duk wanda ya ga yadda rashin ji ke ware mutum daga jama'a ba zai yi mamaki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, har ta ware 3 ga Maris ta kowace shekara don tunatarwa. A Nijeriya akwai dokar ƙayyade ƙara ta hukumar kare muhalli NESREA tun 2009, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, ga sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, inda gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya ciwo. Zan so a tilasta wa masu shigo da kayan sauti su rubuta gaskiyar ƙarfinsu da gargaɗi a kwali, da Hausa ma. Zan so ungozoma da ma'aikatan awo su ƙara jimla ɗaya a kan nonon uwa da gidan sauro: kada a kwantar da jariri kusa da sifika. Amma ba na yaudarar kaina cewa wani jami'i zai shigo falon mutum da ma'auni. Ba zai shigo ba, ban ma so ya shigo.

Ma'aunin da kowa ke da shi kyauta ne. Tsaya nesa da mutum kamar tsawon hannu, ka yi masa magana yadda ka saba. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji, sautin ɗakin ya kai inda yake ɓarna in aka daɗe. In an yi sallama a ƙofa ba ka ji ba, ko waya ta yi ta kuka a gefenka, ya wuce. Mai wayar zamani yana iya sauke manhajar auna ƙara. Ba ta kai na'urar asibiti daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka ko kana wajen 70 ko kana wajen 90. Ranar biki ko ranar da ƙungiyarka ta ci kofi, a ɗaga, ba wanda ya ce a zauna kamar gidan makoki, ni ma ina son in ji kalangu ya taɓa ni. A dai fitar da jarirai, a taƙaita, washegari a bar gidan shiru. Tsohon da jinsa ya riga ya ragu kuma a matso masa da ƙaramar rediyo kusa, a kai shi a duba shi, maimakon a ƙure wa gida duka don shi kaɗai.

A gidan ƙanwata abin da muka yi ke nan kafin in tafi. Muka kashe komai muka sha ruwa, muka yi hira kamar minti ashirin har kunnuwa suka dawo. Sannan mijin ya kunna daga sifili yana ƙarawa a hankali, ni da ita muna magana daga kujera zuwa kujera, har inda muka fara ɗaga murya, ya koma baya kaɗan. Lambar ta tsaya a 14. Da na shigo tana 31. Ta ɗauko jan farce ta ɗiga a jikin na'urar, muka ja katifar yaron zuwa ɗaya bangon. Da na koma bayan sati uku, na yi sallama sau ɗaya daga zaure, ta amsa daga kicin.